Kafin Sabuwar Ƙwaya Ta Ƙetaro Mana

Jama'ar Matsinkai da Geza, da 'yan'uwanmu na Bagudo, Ka'oje, Illo, Lolo da Tsamiya, ku ba ni hankalinku, domin maganar nan ba ta jiran gobe. Akwai wata ƙwaya da ta shigo Afirka ta Yamma a madadin tiramol. Katinta ya yi kama da nasa, ana sayar da ita a inda ake sayar da shi, yaro kuma zai afa ta yana ganin abin da ya saba ne. Amma ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma tana iya tsayar da numfashi mutum yana barci. Sunayen da aka fi ganin an buga a katinta su ne Tafrodol, TimaKing da Super Royal-225. Abin da ke cikinta haɗi ne na magunguna biyu: tafentadol, wanda ɗan gidan ofiyom ne, da karisofurodol, mai sakin jijiya, wanda hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar a dakatar da shi tun 2007 saboda yadda yake kama mutum. Babu ƙasar da ta yarda likita ya rubuta wannan haɗi a matsayin magani. A watan Fabrairun 2025 sashen bincike na BBC ya bi sawunta har wani kamfani mai suna Aveo Pharmaceuticals a Indiya, ya kuma nuna ta a titunan Najeriya da Ghana da Kodebuwa. Cikin 'yan kwanaki hukumar Indiya ta hana yin haɗin da fitar da shi.

Kada wannan hanin ya sa mu saki jiki. Mu da muke zaune a bakin iyaka mun san abin da hani yake yi wa kaya. Da aka rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020, shinkafar waje ba ta daina shigowa ba. Hanya kawai ta sake, kuɗinta ya hau, masu babur da masu kwale-kwale suka samu sana'ar dare. Da aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mai asibiti da mai injin ban-ruwa ne suka sha wuya, jarkoki kuwa suka ci gaba da ƙetarawa. To, buhun shinkafa mai kilo hamsin ke nan. Ina ga abin da katan ɗaya nasa zai ishi ƙauye guda, ya kuma ɓuya a ƙarƙashin sirdin babur ko cikin buhun gawayi? Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano kaya kan hau arewa ta Faraku zuwa Kandi, daga can ga Segbana, ga Tsamiya. Ta ɗaya ɓangaren ga Malanbil da Gaya da Kamba, ga kuma kogin Kwara da ya ratsa ƙasarmu. Hanyoyin da kakanninmu suka bi da goro da kanwa su ne dai har yau, kuma hanya ba ta tambayar abin da ke cikin kaya.

Ina so mu waiwaya mu ga yadda aka yi muka zo nan, domin wanda bai san inda ruwa ya fara dukansa ba, ba zai san inda zai fake ba.

Tiramol da kodin da farko ta ƙofar asibiti suka shigo. Magunguna ne na gaskiya, masu amfani, waɗanda doka ta ce kada a bayar sai da takardar likita. Amma wace takarda? Kowa ya san yadda ake yi. Ka shiga kemis ka ce bayanka na ciwo, yaron shago ya miƙo maka kati. Ka ce tari, ya miƙo kwalba. Kamfani ya yi don marar lafiya, dillali ya saye da katan-katan, daga nan sai a gan shi a hannun 'yan mata a gidan biki an zuba cikin lemon kwalba. A watan Oktoban 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalaben kodin miliyan uku ake sha kullum a Kano da Jigawa. Ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da wani fim da ya nuna ma'aikatan kamfanonin magani na cikin gida suna sayar da shi ta bayan fage. A ranar 1 ga Mayu Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, hukumar NAFDAC kuma ta garƙame wasu kamfanoni a Legas da Ilori. Duk wannan ɓarna daga halastaccen kaya ta fito. Da ɗan gari akan ci gari: ba ɗan fasa-ƙwauri ne ya fara koya wa yaranmu ɗanɗanon abin nan ba, wanda yake da lasisi ne ya yi sakaci da amanar da aka ba shi.

An hana, kuma hanin yana kan hanya, ba na musun wannan. Sai dai an rufe famfo ne an bar masu ƙishi a tsaye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 4.6 magungunan kashe zafi dangin ofiyom suke sha ba bisa umarnin likita ba, galibi tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Mutanen nan da safiyar da aka yi doka ba su wayi gari sun warke ba. Jikin da ya saba da ƙwaya idan ya rasa ta yana yin ciwo na gaske: gumi, makyarkyata, murɗar ciki, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Mai irin wannan hali zai nemi abin a ko'ina yake, a ko nawa ne. Kwalbar da ake saye da 'yan ɗaruruwa ta koma ta dubbai, ta fara zuwa daga ƙetare, wata ma ta jabu ce da ba a san abin da aka dama a ciki ba.

Haka tiramol. Abin da NAFDAC ta amince da shi shi ne mai miligiram 50 da mai 100, kuma ko a hannun likita babba ba ya wuce 400 a yini. Na kasuwa kuwa 120 ne, da 200, da 225, da 250. Ka ga ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haura iyakar yini guda, alhali akwai yaran da suke afa huɗu cikin shayin safe. Shi ya sa ake ganin saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi a gona ko a kan babur yana shure-shure, a ce iska ce ko farfaɗiyar gado, nan kuwa ƙwaya ce. Me ya sa ɗan sumoga ya fi son mai ƙarfi? Lissafi ne. Haɗarin kama shi da katan ɗaya daidai yake ko mai 50 ne a ciki ko mai 250, ribar ce ta ninka biyar. Duk lokacin da aka matsa, kayan sukan ƙanƙance su ƙara dafi. A 2018 Indiya ta sa tiramol cikin jerin magungunan da take tsaurara wa, sai masu fitar da shi suka juya ga tafentadol. Ga asalin sabuwar ƙwayar da nake gargaɗi a kanta. An gudu ba a tsira ba. Yanzu da aka hana ita ma, wata tana kan hanya, kuma abin da aka gani a Saliyo ya isa tsoro: can gwaje-gwaje sun gano wasu sinadarai da ake kira nitazin a cikin wani abin maye mai suna kush, wanda Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024.

Amurka ta bi wannan hanya kafin mu, da duk arzikinta. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, aka yi ta rarrashin likitoci su rubuta, suka rubuta ba ƙaƙƙautawa, miliyoyin mutane suka kamu. Da hukuma ta farga sai aka tsuke takardar, aka yanke wa mutane magani ba tare da an shirya musu mafita ba. Suka koma kan titi, daga hiroyin zuwa fentanil. A shekarar 2022 kaɗai sama da mutum 100,000 suka mutu a can saboda ƙwaya ta yi musu yawa. Sakin takarda ne ya haƙa ramin, tsuke ta babu tanadi kuma ya tura mutane ciki. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ya kamace ka.

Akwai wani ɓangare na maganar da ba a cika faɗa a wa'azi ko a taron hukuma ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Ƙasar da tiramol ya cika tashoshin motarta, ita ce kuma ƙasar da marar lafiya na gaskiya yake rasa maganin zafi a asibiti. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa mofin da makamantansa da ke isa ga marasa lafiya a Najeriya bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake bukata ba. Kuma mu ne ƙasar da ta fi kowace yawan masu ciwon sikila, jarirai wajen 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Ga masu ciwon daji, ga waɗanda suka ƙone, ga wanda babur ya kakkarya.

Na taɓa kwana a wani asibiti da ɗan ƙanwata mai sikila, ciwon ya tashi cikin sanyin hunturu. Yaron yana cizon zane, yana cewa Kawu ka danna mini ƙafa. Ma'aikaciyar jinya ta zo, mace mai kirki, ta ce allurar da ta dace da shi ba su da ita, mai maɓallin akwatin ma ba ya nan, kuma ita ba ta da ikon rubutawa. Aka ba shi farasitamol. Da asuba na fita neman ruwan zafi, wani mai jinya ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka daina wahalar da yaron nan, je ka bakin tasha ka ce a ba ka ja." Ban je ba, Allah ya kiyaye, amma ba zan yi ƙarya ba, ƙafata ta yi nauyi a wurin. A daren nan na gane cewa akwatin asibiti da ba kowa a ciki shi ne babban ɗan tallan mai ƙwaya. Iyaye nawa suka je bakin tashar? Masu sikila nawa suka koyi yi wa kansu allurar kashe zafi da ake kira fenta a ɗaki, har cinyoyinsu suka zama gyambo, don sun gaji da zuwa asibiti ana yi musu kallon 'yan maye?

Saboda haka idan na ce a tsare takardar likita, abu biyu nake nufi a haɗe: kada a ba wanda ba shi da ita, kuma kada wanda ya cancance ta ya rasa. Yuganda ta gwada ta ga amfani. Tun 1993 Dakta Anne Merriman ta fara ba masu ciwon daji mofin na ruwa mai sauƙin kuɗi a can, a 2004 kuma gwamnati ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman ikon rubuta shi, domin ƙauye ba shi da likita. Su ma waɗanda suka riga suka kamu akwai magani na halal da ake ba su a ƙarƙashin idon ma'aikaci, kamar metadon, wanda yake kwantar da ƙishirwar ƙwaya mutum ya koma aikinsa. Tanzaniya ta buɗe irin wannan asibiti a Muhimbili da ke Darussalam a 2011. Iran, ƙasar Musulmi mai tsananin hukunci a kan fataucin ƙwaya, ta daɗe tana yin haka ga dubban ɗaruruwan mutanenta. Duk wanda ya karɓi maganinsa a taga ta asibiti, an rage wa dillali ciniki ɗaya, an kuma rage wa unguwa sata ɗaya.

Na san abin da wasu dattawanmu za su ce: wannan ai ba ɗan maye abin maye ne da hannun hukuma. Ina girmama wannan tsoro, domin kowane mai sa maye haramun ne, ba mai ja. Amma malamanmu sun san bambancin wanda ya sha don nishaɗi da wanda likita amintacce ya auna masa don lalura, kuma tsare rai yana cikin manyan abubuwan da Shari'a ta zo don su. Ina roƙon limamanmu su zauna da ma'aikatan lafiya su ji yadda abin yake kafin su hau mumbari. Abin da na tabbata ba ya magani shi ne mari da sarƙa. A 2019 duniya ta ga abin da aka tarar a gidajen mari a Kaduna da Daura. Yaro ya fito da tabo a ƙafa da ƙiyayya a zuci, kuma ga wani haɗari da mutane ba su sani ba: wanda aka tsare wata biyu bai sha ba, jikinsa ya manta ƙarfin abin. Ranar da ya fito ya afa adadin da ya saba, ranar ce aka fi tsoron a tarar da gawarsa.

Yanzu bari in yi magana da kowa da sunan sana'arsa.

Manomanmu na fadama, musamman masu ɗaukar 'yan ƙwadago lokacin dashe da yankan shinkafa: ku ji tsoron Allah. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 noman shinkafa ya bunƙasa a jiharmu, aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Wanda ya jefa ƙwaya cikin tulun shayin leburori, ko ya ga ana yi ya kau da kai don a gama masa kadada da wuri, ya sani ƙarfin da yake gani bashi ne aka ci daga jikin ɗan wani. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi, gajiya kawai take ɓoyewa, jiki yana lalacewa mai shi bai ji ba. Haka 'yan kabu-kabu da masu fito da masu dako a kasuwa.

Masu kemis, ku ne asibitin ƙauye, ba na raina ku. Da yawanku kun ceci yara daga zazzaɓin cizon sauro cikin dare. Amma lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta ba ku bai haɗa da tiramol ko kodin ko diyazafam ko roci ba, ko da mutum ya zo da takarda. Wannan aikin kantin ƙwararren mai harhaɗa magani ne. Duk wanda ya kawo muku kaya a jakar baya, ba rasit, ba lambar NAFDAC, da rubutun 225 a jiki, ku sani ajali ya kawo muku ku sayar. A Kwatano, a Fabrairun 2017, gwamnatin Patrice Talon ta afka wa kasuwar magani ta Adjegunle, a 2018 kotu ta ɗaure shugabannin wasu manyan kamfanonin sari. A Kano an rufe shagunan magani na Sabon Gari a 2024 aka ce su koma cibiyar sari ta Dangwauro. Idan aka kori kaya daga birni, ƙauyen bakin iyaka yake nema ya fake. Kada shagonka ya zama maɓoyarsa.

Likitoci da ma'aikatan jinya da masu ba da magani a asibitocinmu: takardar nan amana ce. Kada a sayar da ita, kada a rubuta don kunya ko don ɗan'uwa ya roƙa, kada a bar kundin takardun a kan tebur. Amma kuma kada tsoron hukuma ya sa ku bar mai ciwo yana birgima. Ku rubuta a littafi, ku ƙirga, ku bayar.

Iyaye mata, ku ne kuke fara gani. Yaro ya daina cin abinci, ya rame, yana yawan susa, barcinsa ya birkice, kuɗi yana ɓata a ɗaki, ga fankon kati a aljihu lokacin wanki. Ku duba 'yan mata da amare ma, domin abin ya daɗe da shiga cikin gida. Kuma maganin da aka rubuta wa tsoho bayan tiyata, kada a bar ragowarsa a kan taga, kada a ba maƙwabciya don ta ce ita ma ƙugunta na ciwo. Idan kuka tarar da mutum yana wani irin munshari, an girgiza shi bai farka ba, numfashinsa yana jinkiri, leɓɓansa sun canza launi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, to ba barci yake ba. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan tsamiya, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, a tafi da fankon abin da ya sha, a gaya wa ma'aikaci gaskiya. Akwai allura mai suna naloksan da take karya ƙarfin dangin ofiyom cikin mintuna. Kunyar a ce ɗan gidan wane ɗan ƙwaya ne ta kai yara da yawa kabari. Wanda kuma yake son ya daina, kada a ce ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. A nemi likita. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Jihar Sakkwato.

Ga hukuma kuwa, daga shugaban ƙaramar hukumar Bagudo har Ma'aikatar Lafiya a Birnin Kebbi, da NDLEA ƙarƙashin Janar Buba Marwa, da jami'an kwastan na Tsamiya da Lolo: kamun da kuke yi muna gani, kuma muna so a ƙara, a kai ga masu kwantena, kada a tsaya kan yaron da aka samu da kati biyu. Amma ku haɗa da ɗaya hannun. A ajiye naloksan a babban asibiti da kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa, a koya wa ma'aikata amfani da shi. A tabbatar akwai halastaccen maganin zafi mai ƙarfi, da mai ikon rubuta shi, a inda mai sikila daga Matsinkai zai iya kaiwa kafin gari ya waye. A riƙa gwada ƙwayoyin da aka kama, a sanar a rediyo da Hausa da Dandanci da Fulatanci da Bokanci abin da aka samu a ciki. A zauna da takwarorinku na Segbana da Kandi, domin kasuwarmu ɗaya, aurenmu ɗaya, yaranmu ma tare suke sha.

Hakimai, dagatai da masu unguwanni, ina roƙonku da girman rawaninku: kafin a fara yankan shinkafar bana, ku tara masu kemis da shugabannin 'yan kabu-kabu da masu fito da manyan manoma a ƙofar fada. A nuna musu sunayen nan uku, Tafrodol, TimaKing da Super Royal-225, a gaya musu duk katin da aka ga 225 a jikinsa a kawo shi fada. Limamai kuma su faɗa a huɗubar wannan Juma'ar, kada a jira ta gaba.